Ka Zama Barnaba Ga Yaran Shagonka

Karatu: Ayyukan Manzanni 15:36-41, 2 Timoti 4:11

Ko kuna gida, ko gona, ko cikin shago da rediyo a gefe, Ubangiji ya buɗe zukatanmu.

Yau maganarmu ta shafi kasuwa. Da wuya a sami gida a cikinmu wanda ba shi da ɗa ko 'ya a gari suna sayar da kayan wani. Waɗansu suna tsaron shago a Jos, ko Kafanchan, ko Lafiya, ko Jalingo. Waɗansu suna zaune ƙarƙashin laima da na'urar POS. Akwai waɗanda kamfani ya ɗauka suna bin ƙauyuka da taki, maganin feshi ko fitilar sola, a kan abin da suka sayar ake ba su kamasho. Akwai 'yan matanmu da banki ya ɗauka, aka yanka musu yawan kuɗin da za su kawo kowane wata. Kowannensu yana da wani a bisansa, maigida, ko madam, ko manaja. Da yawa cikin waɗannan shugabanni 'yan'uwanmu ne cikin Almasihu, har da dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata. Da su muke so mu yi magana. Tambayar ita ce: sa'ad da kasuwa ta mutu, yaya kake yi da yaron da yake ƙarƙashinka?

Mun san kwanakin wuya a ƙasarmu. A watan Fabrairu na 2002 babbar kasuwar Jos ta ƙone, mutane da yawa suka wayi gari ba jari. A 2020 aka kulle kasuwanni saboda cutar korona. A farkon 2023 aka yi canjin kuɗi, takardun naira suka ɓace a hannun jama'a. Ran 29 ga Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur. Litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta wuce naira 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta kai naira 1,000. Kuɗin mota ya tashi, kaya suka tashi. Mai sayen buhu ya koma mudu, mai sayen mudu ya koma gwangwani. Maigida ya duba littafi da yamma ya ga ba ciniki, zuciyarsa ta tafasa. Ba shi da ikon yi wa zamani tsawa, sai tsawar ta sauka a kan yaron shago.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana wani mutum da ya san yadda ake riƙe matashi a lokacin wuya. Sunansa na asali Yusufu, Balawe ne, haifaffen tsibirin Kubrus. Manzanni ne suka sa masa suna Barnaba, wato mai ƙarfafa zuciya. Da shi da Bulus suka tashi daga Antakiya zuwa tafiyar bishara ta fari, sun ɗauki wani saurayi, Yohanna Markus, ya zama mai taimakonsu. Da suka isa ƙasar Bamfiliya, saurayin nan ya bar su ya koma Urushalima. Aiki yana tsakiya, yaro ya tsere.

Bayan wani lokaci Bulus ya ce su koma su dubo 'yan'uwa a garuruwan da suka yi wa'azi. Barnaba ya so a sake tafiya da Markus, Bulus ya ƙi. Gardama ta yi zafi har manyan bayin Allah nan biyu suka rabu. Bulus ya zaɓi Sila, Barnaba kuwa ya ɗauki Markus suka shiga jirgi zuwa Kubrus. Ku dubi abin da Barnaba ya rasa saboda yaron nan: ya rabu da abokin aikinsa na shekaru. Bari mu ga abubuwa huɗu da maigida Kirista zai koya daga wurinsa.

Na fari, kada ka yanke wa mutum hukunci a kan mummunan wata guda. Bulus ya dubi abin da Markus ya yi jiya. Barnaba ya dubi abin da zai iya zama gobe. Maigida, kafin ka kira yaronka rago, leƙa layinku na kasuwa. Maƙwabtanka suna ciniki? Idan duk layin shiru ne, laifin ba na yaro ba ne. Zauna da shi ka tambaye shi mutum nawa suka shigo yau, nawa suka taya suka wuce, me suka ce. Shi ne yake jin bakin masu saye, yana iya sanin abin da kai ba ka sani ba. A Luka 13 Ubangiji ya ba da misalin itacen ɓaure da ya shekara uku bai yi 'ya'ya ba. Mai gonar ya ce a sare, amma mai kula da gonar ya roƙi shekara guda domin ya yi masa kaftu ya zuba masa taki. Kafin ka ɗauki gatari, tambayi kanka ko ka taɓa zuba taki.

Na biyu, ka koya masa da ƙafarka. Barnaba bai yi wa Markus nasiha ya sallame shi ba, tare suka tafi, kuma zuwa Kubrus, ƙasar da Barnaba ya sani sarai. Lokacin da ciniki ya yi sanyi shi ne lokacin koyarwa, domin a ranar da kasuwa ta cika ba mai sukuni. Nuna masa yadda ake gai da mai saye ko da bai sayi kome ba. Nuna masa yadda ake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Koya masa bin bashi ba tare da faɗa ba, da yadda ake ƙulla kaya ƙanana ƙanana domin mai naira ɗari biyu ma ya samu. Koya masa kada ya miƙa kaya sai ya tabbata kuɗin tiransifa sun shiga asusu, gama akwai masu nuna saƙon ƙarya a waya. Manaja, kai da ka aika yaro ƙauyuka da taki, ka bar ofis rana ɗaya ka hau babur tare da shi. Za ka ga hanyar da yake bi, ka ji abin da manoma suke faɗa masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, kada ka ɗora wa yaro asararka. A nan Maganar Allah ba ta da sassauci. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ma'aikaci ya kwana a hannun wanda ya ɗauke shi aiki. Maimaitawar Shari'a 24 ta ba da dalili, cewa matalauci ne, da wannan lada ya dogara. Yakubu 5:4 ya ce ladan da aka danne yana kuka, kukan kuma yana kai wa ga Ubangiji. Bulus kansa, a Kolosiyawa 4:1, ya tuna wa iyayengiji su yi adalci domin su ma suna da Ubangiji a sama. Ɗan'uwa, ba daidai ba ne ka ba da babbar baiko ranar Lahadi alhali yarinyar shagonka tana bin ka albashin wata uku. Idan da gaske ba ka da shi, kira ta, buɗe mata littafi, faɗa mata gaskiya, ba ta abin da ya samu, ku sa ranar cikon, ka kuma cika alkawari. Idan kuɗin mota ya ninka, ka tuna da ƙafa ko da mota take zuwa.

Haka kuma game da adadin da ake yanka wa mai talla. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Abin da aka iya sayarwa a wata guda kafin 2023 ba lalle a iya sayar da shi bayan haka ba. Manajan da ya ɗora wa yaro abin da ya fi ƙarfinsa yana tura shi ga ƙarya, ga algus, ga rage mudu. Bari mu faɗi abin da ake jin kunyar faɗa: akwai 'yan matanmu da tsoron kora ya kai su hannun mazan da suke da kuɗi amma ba su da tsoron Allah. Wanda ya matsa musu har suka faɗi ba zai ce hannunsa tsab yake ba. In kai ma akwai na sama da kai, ka yi ƙarfin hali ka gaya musu gaskiyar kasuwa, ka tsaya wa yaranka.

Na huɗu, ka yi murna idan ya girma. Wannan halin Barnaba ne tun da daɗewa. Sa'ad da Shawulu ya tuba, almajirai a Urushalima suna tsoronsa, Barnaba ne ya kai shi wurin manzanni ya tsaya masa. Shi ne kuma ya tafi Tarsus ya nemo shi, suka shekara guda suna koyarwa a Antakiya. Ku lura da yadda Luka ya jera sunayensu. Da fari Barnaba ne a gaba. Daga tsakiyar sura 13 sau da yawa sunan Bulus ne yake fara zuwa. Wanda aka jawo ya wuce wanda ya jawo shi, ba mu kuwa ji Barnaba ya yi kishi ba. 'Yan'uwanmu Ibo suna da al'ada mai kyau a kasuwa: yaro ya yi wa maigida hidima shekarun da aka shirya, sa'an nan maigida ya sallame shi da jari ya buɗe nasa shago. Mu fa? Waɗansunmu suna ɓoye wa yaro inda ake saro kaya don kada ya tsaya da ƙafarsa. Ka yabe shi a gaban mutane idan ya yi daidai. Idan ya yi kuskure, jira mai saye ya tafi, ka ja shi gefe. Yaron da aka kunyata a gaban kwastoma yakan ji tsoron buɗe baki gobe, mai tsoron magana kuwa ba ya sayar da kaya.

Wani zai ce, "Malam, ni ma fa asara nake yi. In yaron ɓarawo ne fa?" Tambaya ce mai kyau. Bulus ma yana da hujjarsa, aikin yana da haɗari, yana bukatar wanda ba zai gudu ba. Ƙarfafa mutum ba rufe ido ba ne. Ku ƙirga kaya tare a kai a kai, gama lissafi mai kyau yana tsare maigida daga asara, yana kuma tsare yaro daga jaraba da zargi. Idan ka kama shi da sata, ka gaya masa a fili, ka kira iyayensa ko fastonsa. Idan ya zama dole ku rabu, biya shi haƙƙinsa, faɗa masa dalili, kada kuma ka ɓata masa suna a kan abin da ba ka tabbatar ba.

Ku kuma matasa da kuke sauraro, Markus bai yi wasa da zarafi na biyu ba. Idan Allah ya ba ka maigida mai haƙuri, kada ka mai da haƙurinsa wauta. Zo da wuri, ajiye waya sa'ad da mai saye ya shigo, kada naira ɗaya ta maƙale a aljihunka. Iyaye a gida, ku ma kuna da hannu. Kada ku riƙa aika wa yaro buƙatun da suka fi albashinsa. Sau da yawa daga nan ne hannu yake fara shiga akwatin maigida. Ku tambaye shi lafiyarsa da inda yake sujada kafin ku tambaye shi kuɗi.

To, yaya labarin Markus ya ƙare? Bayan shekaru, Bulus yana kurkuku, ya rubuta wa Kolosiyawa su karɓi Markus idan ya zo wurinsu. A wasiƙarsa ga Filimon ya lissafta shi cikin abokan aikinsa. A wasiƙa ta biyu ga Timoti, sa'ad da ƙarshensa ya kusa, ya roƙa a kawo masa Markus domin yana da amfani gare shi cikin hidima. Mutumin da ya ƙi tafiya da shi ne yanzu yake nemansa. Tun zamanin dā kuma ikilisiya ta riƙe cewa Markus ɗin nan shi ne ya rubuta Bishara ta biyu da take cikin Littafinmu. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Masu sauraro, Barnaba ya koyi wannan hali ne daga Ubangijinsa. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku a daren wuya. Bayan tashinsa daga matattu, Yesu ya same shi a bakin teku, ya ba shi abinci, ya sake danƙa masa kiwon tumakinsa. Dukanmu mun taɓa barin aiki a Bamfiliya. Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi, ya kuma kira mu cikin hidimarsa. Idan ba ka karɓe shi ba tukuna, ƙofa a buɗe take yau. Idan ka riga ka karɓe shi, yaron shagonka yana karanta bangaskiyarka daga Litinin zuwa Asabar. Kafin makon nan ya ƙare, zauna da shi, ka ji damuwarsa, ka biya abin da yake binka, ka koya masa abu ɗaya sabo.

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba na sama, mun gode maka domin haƙurinka a kanmu. Ka dubi 'yan kasuwarmu da manajoji, ka ba su hikima da zuciyar tausayi. Ka dubi 'ya'yanmu da suke sayar da kayan waɗansu, ka tsare su daga jaraba, ka ba su aminci, ka buɗe musu hanya. Ka tanada wa kowane gida abincin yini. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, in Ubangiji ya yarda. Salamar Allah ta kasance tare da ku duka.