Yarinya da Madubinta: Jawabi a Taron Ƙungiyar Ɗalibai



Maganar da ke tafe da mu ta shafi 'yan'uwanmu mata waɗanda suka ɗauki jikinsu abokin gaba. Wata takan ƙaurace wa abinci har ta koma ƙashi da rai, amma in ta dubi madubi sai ta ga ƙiba. Wata kuwa takan ci ta ƙoshi, sa'an nan ta ɓuya ta amayar. Likitoci suna kiran ta farko anoreksiya, ta biyu bulimiya. Wannan ba iyayi ba ne, cuta ce mai kisa. Ita ta raunana zuciyar mawaƙiyar Amurka Karen Carpenter har ta rasu a 1983 tana da shekara 32.

Daga ina wannan ƙiyayya ta samo asali? Mu ɗauki misali da tsibiran Fiji, inda mutane suka saba ganin cikar jiki alamar lafiya. Talabijin ya isa yankin Nadroga a 1995. A shekarar, cikin 'yammatan makaranta da Dakta Anne Becker ta tambaya, babu wadda ta ce tana amai don ta rame. A 1998 kuwa an sami kimanin 11 cikin 100. Ashe ƙin jiki koyonsa ake yi. A nan gida ma, mai haɗiyar ƙwayar sha-ka-fashe don ta cika ido da mai horon kanta da yunwa, idon jama'a ne ya kora su duka.

Abin da aka koya kuwa ana iya warware shi. Masanin halayyar ɗan Adam Eric Stice, na Amurka, ya tsara zama huɗu na awa guda-guda, inda 'yammata da kansu suke kawo hujja, da baki da alƙalami, a kan illar bin siffar da aka ƙaƙaba musu. Wadda ta ƙaryata abu da bakinta, da wuya zuciyarta ta ci gaba da gaskata shi. Bincike ya nuna wannan hanya tana rage ƙin jiki da haɗarin kamuwa da cutar.

Saboda haka muna roƙon ƙungiyarmu ta shirya irin wannan zama a ɗakunan kwanan mata. Mu kuma mu daina gaisuwa da “kin rame” ko “kin yi ƙiba”. In ƙawa ta fara gudun ɗakin cin abinci, jiri yana ɗibarta, al'adarta ta ɗauke, kada mu tsaya nasiha kawai, mu raka ta wurin likita.

Allah Ya ba mu ikon aikatawa.