Kiwon Ɗan Kunkuru a Gida

Maganar yau a kan kunkuru take.

A ƙasar Ɗambatta da Bichi da Kunchi da Minjibir gona ta haɗe da gona, daji ya yi wuya. Saboda haka kunkurun da ake gani a gidaje galibi saye ne ko kyauta. Maigida ya kawo ɗan ƙarami, yara su yi ta murna. Bayan wata biyu sai a tarar da shi a mace, a ce kwanansa ne ya ƙare. Alhali sau da yawa rashin sanin kiwo ne.

Da farko a san abin da aka kawo. Kunkuru a tudu yake. Bayansa a tashe yake kamar an kifa ƙwarya, ƙafafunsa kuma gabza-gabza. Idan aka jefa shi cikin randa ko rijiya nutsewa zai yi ya mutu. Kififiya kuwa ta ruwa ce, ita ce ake gani a kududdufi da damina. Bayanta a baje yake, tsakanin yatsunta akwai fata. Tana bukatar ruwa, da dutsen da za ta hau ta sha hantsi. Cimarta kuma daban: kwaɗo, ƙwari da ƙananan kifi. Mafi alheri a mayar da ita inda aka kamo ta.

Ɗan kunkuru sabon ƙyanƙyasa bai cika tafin hannun yaro ba. Shirwa na iya surarsa, hankaka na iya tsattsage shi, gafiya da kare ma ba su barinsa. Sai a kewaye masa wuri a tsakar gida da tubali, kamu biyu ko uku ko'ina, a rufe sama da ragar waya. Wurin ya zama rabi rana rabi inuwa. Rana ce ke ƙarfafa ƙoƙon bayansa. Wanda aka kulle a ɗaki kullum bayansa yakan yi laushi, ba ya daɗewa. Amma kada a bar shi cikin daro ko tasa a rana. Ƙarfe ya ɗau zafi, shi kuwa ba shi da mafaka, kafin azahar ya mutu. A kifa masa fasasshiyar tukunya a gefe, a riƙa yayyafa ruwa a ƙarƙashinta, don a daji cikin rami mai laima yake fakewa.

Da hunturu, wajen Disamba da Janairu, sanyin dare kan kama shi. Hancinsa ya yi ta yoyo, ya daina cin abinci. Da magariba sai a sa shi cikin kwando ko kwali mai yashi da busasshiyar ciyawa, a kai shi ɗaki. In hantsi ya yi a fito da shi.

Abincinsa ciyawa ce, kamar burburwa da harƙiya. A ƙara masa ɗan ganyen rama ko zogale ko kabewa. Ragowar tuwo da shinkafa da nama ba nasa ba ne, ko da yana ci. Kada a yanko masa ciyawa daga gonar da aka yi wa feshi. A daka ɓawon ƙwai a barbaɗa masa kaɗan. Masu cewa kunkuru ba ya shan ruwa sun yi kuskure. A sa masa ruwa a faranti marar zurfi, wanda zai shiga ya fita da kansa.

Wasu kan huda gefen bayansa su ɗaura igiya don kada ya ɓace. Wannan zalunci ne. Ƙoƙon nan haɗe yake da ƙashin bayansa da haƙarƙarinsa, yana da jini, yana jin zafi.

Yanzu ga abin da ya fi duka muhimmanci. A kashin kunkuru akwai ƙwayar cuta da ake kira salmonela. Shi ba ta dame shi ba, amma tana sa wa mutum gudawa da zazzaɓi da ciwon ciki. Ta fi haɗari ga yaron da bai kai shekara 5 ba. Saboda ita ce a shekarar 1975 ƙasar Amurka ta hana sayar da kunkurun da bai kai inci 4 ba, domin ƙananan ne yara ke kaiwa baki. To, duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu. Kada a bar shi kusa da madafa ko randa ko tabarmar da jariri ke rarrafe. Farantinsa daban. Yaron da gudawa ta kama a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti.

Mai niyyar kiwo ya duba gaba. Babban kunkurun ƙasashen nan namu shi ne na uku a girma a duniya. Yakan kai nauyin buhun taki, wato kilo 50, har ya wuce. Yakan yi shekara 50 ko fiye. Ga shi gwanin haƙa, yana iya tone gindin katanga ko rumbu. A daji kuwa ya yi ƙaranci ƙwarai. Tun shekarar 2000 wata yarjejeniya ta ƙasashen duniya ta hana fitar da wanda aka kamo a daji don ciniki. Wanda nasa ya fi ƙarfin gidansa kada ya yar da shi a gona, ko ya sayar wa dillali. Ya nemi shawarar ma'aikatan gandun daji, ko na gidan zu na Audu Baƙo da ke Kano.