Rumbu Ɗaya, Masu Girki Biyu: Raba Wasanni Tsakanin Windows da Linux a Kwamfuta Guda



Batun wannan lacca ƙarami ne a ido, amma wanda ya taɓa ƙarar da kuɗin data na wata guda a dare ɗaya ya san nauyinsa. Watau mutum ne yake da kwamfuta guda, ya zuba mata manyan manhajoji biyu, Windows da Linux, ko wacce a nata sashen faifai. In ya kunna na'urar, sai wata 'yar manhaja, galibi wadda ake kira GRUB, ta tambaye shi wadda yake so ta tashi. Ba sa aiki lokaci guda. Kamar kishiyoyi suke, yau girkin wannan, gobe na waccan. Dalilin yin haka kuwa ya ƙara ƙarfi tun ranar 14 ga Oktoba 2025, sa'ad da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, alhali tsofaffin na'urori da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

To, wasannin zamani suna da girman gaske. Red Dead Redemption 2 da Baldur's Gate 3, alal misali, ko wannensu yana neman fili na gigabait 150. Wanda faifansa bai wuce gigabait 500 ba, in ya sauke wasa ɗaya sau biyu, ya cinye fiye da rabin rumbu, ya kuma biya kuɗin data ninki biyu. Tambayar ita ce: shin za a iya ajiye wasan wuri guda, ko wacce manhaja ta ɗiba ranar girkinta? Ana iyawa, amma fa da sharuɗɗa.

Tushen wahalar shi ne tsarin ajiyar fayil. Ko wane sashen faifai yana da littafin rajista da ke nuna sunan fayil, da inda yake kwance, da mai shi. Windows tana rubuta nata da tsarin NTFS, wanda ya fito a 1993. Linux galibi tana amfani da ext4, wanda ya kammala a ƙarshen 2008. Windows ba ta karanta ext4 kai tsaye, Linux kuwa tana karanta NTFS tana kuma rubutawa a kansa, ta hanyar direban NTFS-3G da aka daɗe ana amfani da shi tun 2007, ko kuma ntfs3 na kamfanin Paragon da aka shigar cikin zuciyar Linux a 2021. Saboda haka yawancin mutane NTFS suke zaɓa ya zama rumbun tarayya. FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4, sai a ajiye shi gefe. Shi kuma exFAT, ko da yake ɓangarorin biyu suna karanta shi, ba ya karɓar fayil mai nuni, watau ɗan fayil da aikinsa kawai ya nuna inda wani yake, kuma za a ga amfanin wannan nan gaba kaɗan.

Yawancin wasannin da ake magana a kai daga Steam suke, kasuwar da kamfanin Valve ya buɗe a 2003, ya kawo ta Linux a 2013. A watan Agusta 2018 kamfanin ya fito da Proton, wanda aka gina kan tsohon aikin nan na Wine, mai fassara buƙatun wasan Windows zuwa abin da Linux take ganewa. Wannan shi ya sa rabon ya yiwu, domin fayilolin da Windows take kunnawa su ne Proton yake kunnawa. Steam tana tara wasanni cikin jakar da ake kira steamapps, tare da ƙaramar takardar shaida ga ko wane wasa. In aka nuna wa Steam ta ɓangarorin biyu jaka guda, duk za su ga wasan a girke.

A nan ne tuntuɓe na farko yake. Ga ko wane wasa Proton yakan gina wata 'yar Windows ta jabu cikin jaka mai suna compatdata, kuma a cikinta akwai fayiloli masu nuni da sunaye irin su c: da z:, masu ɗigo biyu a ƙarshe. Dokar Windows ta hana ɗigo biyu cikin sunan fayil. In aka tilasta wa Linux bin wannan doka, Proton ba zai iya gina gidansa ba, wasan ya ƙi tashi ba tare da wani bayani ba. In aka ƙyale ta ta rubuta, ran da Windows ta zo binciken faifai za ta tarar da sunayen da ba ta yarda da su ba, ta yi musu gyaran da ba a roƙe ta ba. Shi ya sa bayanan Proton kansu suke gargaɗi game da NTFS. Maganin da aka sani shi ne a ajiye compatdata ta gaskiya a sashen Linux, a bar fayil mai nuni kawai a rumbun tarayya. Sa'an nan tilas a rubuta cikin fayil ɗin fstab cewa sashen mallakin mai amfani ne, wanda lambarsa galibi 1000 ce, kuma an yarda a kunna manhaja daga cikinsa, don Wine ba ya shiga gidan da ba na ubangidansa ba.

Tuntuɓe na biyu ya fi haɗari, domin yana iya cin fayilolin da ba na wasa ba. Tun Windows 8, a 2012, akwai tsarin tashi da sauri. In an ce wa Windows ta mutu, ba mutuwa take yi ba. Kwanciya take, ta riƙe hoton rajistar faifai a ma'ajiyarta. Ma'aikatan ofis za su gane wannan: akawu ne ya tashi aiki bai rufe littafi ba, wani ya zo da dare ya yi rubutu a ciki, da safe na farko ya ci gaba daga inda ya tsaya kamar ba a taɓa kome ba. Don gudun haka Linux takan ƙi rubutu a sashen da aka bari a wannan hali, sai karatu kawai, Steam ta kasa sabunta wasa. Mai gaggawa da ya tilasta mata shi ne yake lalata rajista. Lalle ne a kashe tsarin tashi da sauri daga cikin Windows tun kafin a soma. Ɗaukewar wuta ma takan bar sashen da alamar datti. Akwai manhajar ntfsfix a Linux, amma gyaranta na sama-sama ne. Binciken gaskiya sai an koma Windows an sa chkdsk.

Dangane da wannan, bai kamata a yi rumbun tarayya a sashen da Windows kanta take zaune ba, balle inda kundin digiri ko takardun aiki suke. A yanka wa wasanni sashensu dabam, in ya lalace a yi asarar abin da za a iya sake saukewa. Kwamfutar ofis kuwa ba ta ma'aikaci ba ce, ba shi da hurumin yanka mata faifai.

Akwai kuma wani abin haushi mai cin data a ɓoye. Wasu wasanni suna da fitowa biyu, ta Windows da ta Linux. Steam ta Linux za ta ga fayilolin Windows, ta musanya su da nata. In an koma Windows, ita ma ta mayar da nata. Haka za a yi ta kai da kawowa. Sai a shiga saitin wasan a Linux a tilasta masa amfani da Proton, don ɓangarorin biyu su tsaya kan fitowa guda.

Wasu sukan juya lissafin, su yi rumbun da tsarin Btrfs na Linux, su koya wa Windows karanta shi da direban WinBtrfs na Mark Harmstone. Wannan ya kawar da matsalar ɗigo biyu a ɓangaren Linux, sai dai ya ɗora amanar faifai kan direban da ba Microsoft ya yi ba. Ya fi dacewa da wanda Linux ce uwargidansa.

Raba wasa ba ya nufin raba ci gaban da aka samu a cikinsa. Wasanni da yawa suna ajiye matakin da mutum ya kai cikin jakunkunansa na Windows, a Linux kuwa cikin compatdata. In wasan yana amfani da ma'ajiyar Steam ta intanet, ita za ta daidaita su, muddin an bar ta ta gama aikawa kafin a kashe na'ura. In ba haka ba, sai kwafa da hannu. Wasanni irin su Valorant da Fortnite kuwa, manhajar hana maguɗi da ke tare da su ba ta barin su su tashi a Linux, kuma Apex Legends ya rufe tasa ƙofar a ƙarshen Oktoba 2024. Irin waɗannan a bar su a sashen Windows, kada su cinye filin rumbun tarayya.