Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabi Kan Tsare Dabbobi Daga Annoba



Abin da ya tara mu yau shi ne maganar dukiyar da ke tafiya da ƙafa huɗu, da irin shirin da ya wajaba ƙasa ta yi tun masifa ba ta auka wa wannan dukiya ba. Wanda garkensa ya ƙare ba nama da nono kaɗai ya rasa ba. Ya rasa sadakin ɗansa, da takin gonarsa, da mutuncinsa a cikin dangi.

Bari mu ɗauki darasi daga ciwon bushiya. Wannan cuta ta shigo Afirka ta gaɓar Eritiriya a 1887, cikin 'yan shekaru kuwa ta iso ƙasashenmu ta share yawancin shanu. A 1962 Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi suka haɗa kai suka fara gagarumin aikin allurar rigakafi a kewayen Tafkin Cadi, har cutar ta lafa. Da aka ga ta lafa, sai aka saki jiki. Allura ta ja baya, aka bar maruƙan da aka haifa daga baya ba kariya. A 1983 sai bushiya ta komo ta yi mummunar ɓarna, ga kuma fari a kanta. Sai da aka sake ɗaura ɗamara a 1986, aka dage ba fashi, kafin a bayyana a 2011 cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

To, mene ne shirin da muke nufi? Na farko, doka wadda ta ba hukuma ikon tsare garke da rufe kara idan cuta ta ɓulla. Muna da Dokar Hana Yaɗuwar Cututtukan Dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022. Na biyu, horarrun ma'aikata tun daga malamin dabbobi na ƙauye har zuwa masu bincike a Vom, inda aka kafa ɗakin bincike tun 1924. Na uku, kuɗin da aka keɓe tun da wuri, domin annoba ba ta jiran kasafin baɗi. Na huɗu, diyya. Lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, sai da aka hallaka kaji masu ɗimbin yawa. Mutum kuwa ba zai kai rahoton abin da zai talauta shi ba sai ya tabbata za a biya shi cikin hanzari. Na biyar, shawara da maƙwabta, gama cuta ba ta san kan iyaka ba, burtali ɗaya take bi da shanu.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Raya Kiwon Dabbobi. Amma ma'aikata ba ta kwana a ruga. Ku ne idonta. Idan kuka ga saniya tana dalalar da miyau tana ɗingishi, ko tana tari mai tsanani, ko dabba ta faɗi matacciya farat ɗaya jini na fita ta hanci, ku ware sauran, ku sanar da ardo ko mai unguwa da malamin dabbobi a ranar. Kada ku kai ta kasuwa, kada ku feɗe ta, domin ciwon saifa yana kama mutum. Idan kuma damina ta gaza, ku rage garke tun shanu na da ƙiba, ku tanadi harawa da dusa domin waɗanda suka rage.

Ciwon huhu da boru da annobar awaki da tumaki suna nan tare da mu. Abin da aka yi wa bushiya ana iya yi musu, muddin ba mu sake sakin jiki ba.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka.