Aikin Gwamnati Ba Barantaka Ba Ne

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Da aka ce in yi magana a kan aiki da mutunci sai da gabana ya faɗi, domin kuwa a cikin zauren nan akwai malaman da suka sha kama ni ina barci a aji. To, amma tun da an ba ni dama, zan faɗi abin da shekaru goma na aikin gwamnati suka koya mini.

Na kama aiki a mataki na 8, kamar kowane mai digiri. Ban yi wata uku ba na gane ashe aiki iri biyu ake yi a ofishinmu. Akwai wanda aka ɗauke ka dominsa, akwai kuma hidimar maigida, wato ɗauko 'ya'yansa daga makaranta, da cinikin ragon Layya, da zaman jira a ƙofar ofishinsa har bayan Magariba, alhali ƙarfe huɗu ake tashi. Ba ina cewa kada a girmama na gaba ba. Ni ma ina rusunawa in ce ranka ya daɗe, haka aka yi mana tarbiyya. Amma ladabi daban, barantaka daban.

Wata rana aka kawo mini takardar biyan kuɗin gyaran wani gini, aka ce in sa hannu cewa an kammala. Na je na duba, ko buhun siminti ɗaya ba a kai ba. Ban yi faɗa ba, ban yi wa'azi ba. Cewa kawai na yi, "Ranka ya daɗe, a rubuta mini umurnin a cikin fayil, sai in bi." Ba a rubuta ba, kuma na san ba za a rubuta ba. Bayan mako biyu aka mayar da ni wani ƙaramin ofishi a ƙauye, inda na shekara biyu babu alawus, babu kwas. Matata ta yi kuka, ni ma kuwa na sha kwana ina tambayar kaina ko wauta na yi.

Abu biyu suka ba ni bakin yin wannan magana, kuma ba jaruntaka ba ce. Na farko, ba ni da kashi a gindi. Ban taɓa makara ba, fayil bai taɓa kwana uku a teburina ba. Malalacin ma'aikaci ba shi da 'yanci, domin kullum akwai laifin da ake riƙe masa, ranar da ya ce a'a sai a buɗe masa shi. Wanda yake ganin zuwa ofis ƙarfe goma sha ɗaya shi ne 'yanci, to da hannunsa ya miƙa wa maigida igiyar da za a ja shi da ita.

Na biyu, ba a bina bashi. A nan ne yawancinmu muke faɗuwa. An mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a 2024, kowa kuma ya san inda kuɗin nan yake ƙarewa a kasuwa. Amma duk da haka sai ka ga mutum ya ci bashin mota, ya ci na biki, albashinsa ya ƙare tun kafin ya shigo. Irin wannan yaya zai ƙi sa hannu? Ni abin da ya cece ni gonar gado ce. Tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci, amma ya bar masa noma. Buhunan masarar da nake samu ba su sa na yi arziki ba, sai dai sun sa barazanar canjin wurin aiki ba ta zama barazanar yunwa ba.

Kada kuma mu ɗauka kujera tamu ce. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata kimanin dubu goma, wasu a rediyo suka ji. Ko ba a kore ka ba, shekara 35 na aiki ko 60 na haihuwa suna jiranka, sa'an nan ka koma unguwarku ka zauna da mutanen da ka yi wa aiki, ko ka ƙi yi musu. Malam Aminu Kano ajiye aikin koyarwa ya yi a Maru a 1950 ya shiga siyasa. Ba kowa ne zai iya haka ba, ni kam ban iya ba, ina da iyali. Abin da na iya shi ne in zauna a cikin aikin ba tare da na sayar da sa hannuna ba.

Ginin nan kuwa, wani ya sa hannu bayan tafiyata, an biya kuɗin, har yau rufinsa yana yoyo. Ni an dawo da ni hedkwata bara, tsarana biyu sun riga ni ƙarin girma. Roƙona ga shugaba shi ne a taro mai zuwa a gayyato 'yan aji shida su zauna da mu, mu gaya musu wannan tun kafin su karɓi takardar kama aiki.