Bangaskiyar da Ba Ta Ciniki da Allah

Nassinmu na yau shi ne Daniyel 3:18.

Mu tuna labarin. Wajen shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu, sarki Nebukadnezzar ya kwashe waɗansu samarin Yahuza zuwa Babila. Cikinsu akwai Hananiya, da Mishayel, da Azariya. Aka canja musu sunaye, suka zama Shadrak, da Meshak, da Abednego. Suka koyi harshen ƙasar, har aka ɗora su a kan harkokin lardin Babila. Sai sarki ya kafa gunkin zinariya a filin Dura, tsayinsa kamu 60, faɗinsa kamu 6, ya ce duk wanda bai rusuna masa ba, a jefa shi cikin tanderu mai ƙuna.

A aya ta 17 samarin sun shaida cewa Allahnsu yana da ikon kuɓutar da su. Wannan kowa yana son ji. Amma aya ta 18 ita ce zuciyar labarin. A can suka gaya wa sarki cewa ko Allah ya bar su a hannunsa, sujada ga gunki dai babu ita. Ku lura, lokacin da suke maganar nan ba su san ƙarshen labarin ba. Mu ne muka karanta cewa mutum na huɗu ya bayyana tare da su cikin wutar. Su kuwa tanderu kawai suke gani.

Abu na fari, ba su sa wa Allah sharaɗi ba. Da yawanmu addu'armu kamar ciniki ce a kasuwa: ka ba ni aiki, in zo sujada, ka warkar da ɗana, in ba da zakka. Idan amsa ta yi jinkiri, sai a fara neman boka da dare. Amma a Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, Bitrus kuwa mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku. Shin Yakubu ya rasa bangaskiya ne? A'a. Dukansu biyu a hannun Allah ɗaya suke.

Abu na biyu, ba su zagi sarki ba, ba su kuma tayar da tarzoma ba. Sun yi wa Babila aiki da aminci, abu ɗaya tak suka ƙi. Mu ma a garuruwan da muke zaune ba mu da yawa. Wani an hana shi ƙarin girma saboda sunansa, wata ikilisiya ta shekara da shekaru tana neman filin gini. Wannan bai ba mu izinin ƙin maƙwabci ba. Mu gaishe shi, mu je ta'aziyyarsa, mu yi aikinmu da gaskiya, amma sujada ta Allah ce kaɗai.

Na taɓa binne wani dattijon ikilisiya wanda muka yi watanni muna roƙon warkarwarsa. Lahadi mai zuwa sai ga matarsa ta riga kowa zuwa, tana share ɗakin sujada kamar yadda ta saba. Abin da na koya a makarantar tauhidi game da wannan aya, ranar ne na gan shi da idona.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan abin da kake roƙo bai zo ba, za ka ci gaba da tsayawa? Ka amsa wannan a zuciyarka tun kafin a hura wutar.

Ubangiji ya ƙarfafa mu, ya kiyaye mu har ƙarshe. Amin.