Firji A Gida

Yau maganarmu a kan firji ne, watau akwatin nan mai sanyaya abinci. A dā ba a ganinsa sai a asibiti ko gidan babban ma'aikaci, yana aiki da kananzir. Yanzu kuwa ko a ƙauye, in an sayar da amfanin gona, ko za a yi wa yarinya kayan ɗaki, sai ka ji an ce a sayo firji.

Ga abin da ya sa na ɗauko maganar. Bayan Babbar Salla aka kawo mini yara uku daga gida ɗaya, duk suna zawo da amai, ƙaramin har idonsa ya faɗa. Na tambayi uwar abin da suka ci. Ta ce miyar nama ce, amma ai a firji ta kwana biyu. Na ce, "Da wuta?" Sai ta yi shiru. Ashe tun daren Salla aka ɗauke ta. Biyu sun warke da ruwan gishiri da sukari, ƙaramin kuwa sai da muka tura shi babban asibiti.

To, ku riƙe wannan. Firji ba ya kashe ƙwayoyin cuta, sanyi kasala kaɗai ya ke sa musu. A cikin ɗumi ƙwaya ɗaya tana iya rabuwa biyu kowane minti 20, kafin awa 7 ta wuce miliyan biyu. Don haka a ke so sanyin cikin firji ya tsaya a digiri 5 ko ƙasa da haka. In wuta ta tafi, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4. Firiza mai ƙanƙara, in tana cike, takan kai kwana 2, in rabi ce kwana 1. Bayan wannan ya zama akwati rufaffe kawai. Kada ku dogara da hanci, gama abinci yana iya ɓaci bai yi wari ba.

Saboda haka maigida, kafin ka tambayi girma ko launi, ka tambayi kanka: awa nawa wuta ta ke zama a garinmu? In ba ta daɗewa, irin mai murfi a sama ya fi, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, ba ta zubowa waje in an buɗe. Ka cika goruna na roba da ruwa su daskare a ciki, su ne za su riƙe maka sanyi. Mai hali ya nemi mai aiki da hasken rana. Wanda garinsu ba wuta sam, kada ya ci bashi don ganin maƙwabci. Akwai dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani da jiƙaƙƙen ƙyalle a baki, wadda wani malami a Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana ajiye tumatir da yalo da alayyafo, musamman da rani. Nama dai ba nata ba ne, sai a soya, ko a yi banda ko kilishi yadda iyayenmu su ke yi.

In ka je kanti, ka dubi 'yar takardar da a ke mannawa a baya ko a ciki. Akwai harafi a kanta. Mai N an yi shi don zafin da bai wuce digiri 32 ba, mai ST 38, mai T kuwa 43. Wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san wanda zai zaɓa. Ka dubi ƙarfin wuta kuma, tamu 220 zuwa 240 ce. Wanda aka ƙera don Amurka na 110 ko 120 ne, kana jona shi zai ƙone. In na hannu ne, a kunna shi a gabanka har ya yi sanyi. Ka sa takarda a bakin ƙofa ka rufe, ka ja. In ta zare ba wuya, robar ta mutu.

A ɗauko shi a tsaye, a bar shi 'yan awoyi kafin a kunna, don man injin ya koma wurinsa. Kada a kafa shi kusa da murhu ko inda rana ta ke bugawa, a bar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango. In wuta ta ɗauke ta dawo nan take, a jira minti 5 tukuna.

Uwargida, saura naki. Ɗanyen nama a ƙasa cikin kwano mai murfi, dafaffen abinci a sama, don kada jini ya ɗiga a kai. Abin da kika dafa kada ya wuce awa 2 a waje, in kuma za a ci, ki ɗumama har ya tafasa. In ƙanƙara ta yi kauri, a kashe firjin ta narke da kanta. Kada a sa wuƙa. Ana huda bututu ta haka, kuma iskar gas da ke cikin yawancin sababbi tana kama wuta.

Masu ciwon sukari da ke ajiye allurar insulin, a tsakiya za ku sa ta, nesa da ƙanƙara. In ta daskare ta lalace, ku kawo mana mu gani.

Wanda kuma firjinsa ya mutu ya jingine shi a tsakar gida, ya cire ƙofar. Yara sukan shiga ciki wasan ɓuya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.